Suna na Bakwai

Duk shekara, idan damina ta naɗe tabarmarta,
ruwan Batha ya fara nutsewa cikin yashi,
ɗan aiken magajin gari yakan kawo mini gwangwani biyu,
fari da baƙi, da buroshi mai siririn baki.
Ni ne Barmo. Ni ke tashin sunayen daga barci.

Ginshiƙin na tsaye a mararraba,
inda hanyar Ati ta rabu da ta kasuwar raƙuma.
Siminti ne, tsawon mutum biyu,
kansa a tsage tun shekarar da aka kafa shi.
Awaki sun fi mu sanin inuwarsa.
Mai shayi ya ɗaure igiyar rumfa a ƙugunsa,
ba wanda ya ce masa don me.

Can sama, da Faransanci, sannan da Larabci:
"Ga 'ya'yanmu da suka faɗi domin ƙasa."
Bai ce wa ya kayar da su ba.
Bai ce mai harbin da wanda aka harba
sun sha ruwan rijiya ɗaya ba.

Sunaye ashirin da uku.
Da harafi ake biyana, shi ya sa na san nauyin kowa:
Adum ba shi da tsada,
Abdulkarim Jibirin kuwa har hannu yake gajiyarwa.
Zanaba, wadda harsashi ya tarar a bakin rijiya
da guga a hannu, ba ta ciki.
An ce ba ta riƙe bindiga ba.
Wana Korau ba ya ciki.
Shi ya riƙe, amma ya tsaya a ɗaya gefen.

Ran kasuwa, kafin rana ta yi ƙarfi,
Iya Hurera takan zo da sandarta.
Ba ta san boko ba, na allon ma ido ya ƙi.
Da yatsa take karatu, daga sama:
ɗaya, biyu, uku,
har bakwai.
Nan take dafa tafin hannu,
ta ba Tanko labarin gero, da ciwon gwiwa,
da wadda ta haihu, da wanda ya tafi Libiya bai aiko ba.

Shekara tara ke nan
da wani mai babbar mota ya zo daga Njamena,
ya ce kawunsa ma ya faɗi, a sa shi a kan gaba.
Aka ce in shafe, in sake jerawa.
Na shafe. Na jera.
Kowa ya sauka da taki ɗaya.

Tanko yanzu na takwas ne.
Na bakwai Nojimaji ne, sojan kudu,
yaron da aka sauke daga mota bai san sunan garin ba,
ya kwana uku, aka binne shi bayan makaranta.
Ba wanda ya taɓa zuwa nemansa.

Sau nawa na buɗe baki.
Ina kan tsani, fenti na ɗiga a hannun rigata,
ina kallon tafinta a kan sunan baƙo,
ɗanta kuma a ƙasa kaɗan, dab da wuyan hannunta,
yana jin komai.
Sai in ce, Iya, a kula, bai bushe ba.

Idan na gama, akan sami ragowa a gindin gwangwani.
Ba ta isa suna ba.
Nakan durƙusa ta bayan ginshiƙin,
inda ciyawa ke taɓa siminti,
in ɗiga ɗigo biyu.
Ruwan farko ke tafiya da su.
Ba komai, ɗan aiken ya san hanyar gidana.